Kowa Na Son Fili, Babu Mai Son Karatun Fili

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, Facebook da WhatsApp ɗin 'yan Zariya kan kasu gida biyu. Akwai masu ɗora hoton takardarsu suna godiya ga Allah, akwai kuma masu kukan cewa likitanci ko lauya suka nema amma an jefa su wani kwas da ba su taɓa jin sunansa ba. Cikin kwasa-kwasan da ake yi wa wannan kallo na “an jefa ni” akwai wanda a littafin JAMB ake kira Estate Management, wato karatun sanin darajar filaye da gidaje da yadda ake tafiyar da su. Da yaro ya ambace shi, sai wani ya faɗo a kwament: “Au, dillanci za ka karanta? Har shekara biyar? Ai da ka zo mun haɗa ka da Baba Dillali, sati biyu ka ƙware.” A yi ta dariya.

Ra'ayina shi ne wannan dariyar tana jawo mana asara, kuma asarar ba ƙarama ba ce. A unguwa irin Muciya da Cikaji da Hayin Ojo da Dogarawa, babbar dukiyar yawancin gidaje ba ta banki, ba ta kanti. Gidan da ake ciki ne, da ɗan fulotin da baba ya saya a bayan gari, da gonar gado a ƙauye. Amma ka zagaya layinku ka ƙirga: masu digiri nawa ne, kuma mutum nawa ne a cikinsu zai iya ɗaukar takardar gidansu ya gaya maka ko tana da ƙarfi a gaban doka? Mun mallaki ƙasa, ba mu san ƙasa ba. Shi ya sa kullum wani ne ke gaya mana kuɗinta, wani ne ke gaya mana iyakarta, wani lokacin ma wani ne ke zuwa da katafila ya gaya mana ba tamu ba ce.

Bari mu fara da abin da ake koyarwa, don mafi yawan masu dariyar ba su sani ba. Kwas ɗin ya haɗa abubuwa uku ne da ba kasafai ake samun su a kan mutum ɗaya ba: doka, tattalin arziki, da sanin gini. Za ka karanci dokar ƙasa da ta haya da ta jingina. Za ka karanci dalilin da ya sa fili mai faɗi ɗaya yake wani kuɗi a bakin titin Kwangila, yake wani kuɗi daban a cikin lungu. Za ka koyi karanta taswirar gini da ta safiyo, da lissafin kuɗin ruwa da hauhawar farashi, da harajin kadara, da tsarin birane. A Jami'ar Kambirij ta Ingila an san kwas ɗin da sunan Land Economy, wato tattalin arzikin ƙasa, kuma da wannan sunan ake yin sa a jami'ar KNUST ta Kumasi a Gana. A Najeriya shekara biyar ne a jami'a, da watannin koyon aiki a tsakiya. Ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano, da FUT Minna, da ATBU Bauchi, da Jami'ar Jihar Kaduna. A matakin difloma da babbar difloma akwai shi a Kaduna Polytechnic, da nan gida a Nuhu Bamalli. A ABU kuwa, tsangayar tsara muhalli da ke Samaru tana da 'yan uwansa na kusa: tsara birane, da aikin safiyo da taswira, da ƙiyasin kuɗin gini.

Kuma sana'a ce mai rajista kamar likitanci da lauya. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki, NIESV, a 1969, sannan a 1975 gwamnati ta kafa hukumar ESVARBON wadda ke ba su lasisi. Rahoton ƙimar kadara da banki ko kotu ko gwamnati za ta karɓa, sai da hatimin wanda ke da wannan rajista. Dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa, kuma ba na raina wannan, sana'a ce da ta riƙe gidaje da yawa. Amma aikinsa daban, aikin mai ƙiyasi daban. La'adar dillali tana ƙaruwa ne idan kuɗin ya ƙaru ko cinikin ya faɗa da wuri. Mai ƙiyasi kuwa sa hannu yake yi a kan adadi, idan ya yi ƙarya lasisinsa ne a kan layi.

To me ya haɗa wannan da ɗan Muciya? Ka dubi inda muke zaune. Sabon Gari ya tashi ne da zuwan jirgin ƙasa Zariya wajen 1911, kuma tun daga lokacin yankin ya cika da manyan hukumomi masu manyan filaye: hukumar jirgin ƙasa, barikin horar da sojoji, barikin Basawa, ABU da aka buɗe a 1962 da gonakinta na bincike, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, asibitin koyarwa na Shika. Kowace tana da iyaka a takarda tun kafin a haifi iyayenmu. Gari kuma ya yi ta faɗaɗa, gonaki suna komawa fulotai, ana yanka su da igiya ana sayarwa, mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu su dangwala. Ranar da iyakar takarda ta ci karo da iyakar igiya, wa kake jin zai yi nasara?

Mun ga amsar da idonmu. A 2015 gwamnatin jihar Kaduna ta rushe gine-ginen da ta ce sun shiga filayen makarantu a Zariya, ciki har da na Kwalejin Alhudahuda. A 2021 aka yi rusau a unguwar Graceland, gwamnati ta ce filin na kwalejin jirgin sama ne, mazauna kuma suka ce suna da takardunsu kuma sun kai ƙara kotu. Ba shari'a na zo yankewa a nan ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a cikin waɗanda suka kwana a waje akwai malaman makaranta da 'yan fansho da suka zuba duk abin da suka tara a rayuwa a cikin bulo da kwano. Da yawansu saye suka yi da kuɗinsu na halal. Saye kaɗai bai isa ba ke nan.

Dalilin yana cikin wata doka da kowane matashi ya kamata ya san ta ko da ba zai karanci wannan kwas ba, wato dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa. Sashe na farko ya ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Kai abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma takardar C of O shaida ce ta wannan haƙƙi, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne. Sashe na 22 ya ce ba za ka sayar ko ka jinginar da wannan haƙƙi ba sai da amincewar gwamna. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke wata jingina baki ɗaya saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Sashe na 29 kuma ya ce diyyar da za a biya ta abin da ka yi a kan filin ce, gini ko shuka. A kan ita ƙasar kanta kuwa, abin da doka ta ambata shi ne kuɗin hayar ƙasa da ka biya gwamnati a wannan shekarar. Ka sake karanta wannan jimlar, musamman kai da ke shirin sayen fuloti ka bar shi haka nan ka ce ajiya ce.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tsarin wannan doka daga Arewa aka ɗauko shi. Turawa sun kafa dokar ƙasa ta Arewa a 1910, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962, ita ce kuma ta 1978 ta bi sawunta ta game duk ƙasa. Kafin Turawa ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi. Kakanninmu sun bambance gandu da gayauna, aro da jingina, hurumi da saura. Ashe ilimin ƙasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu ne muka sake shi, muka mayar da shi abin barkwanci a kwament.

Yanzu bari in kawo misalin da ya fi taɓa kowane gida, wato rabon gado. A ce magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata huɗu, da gida ɗaya. Iyayensa sun riga shi, babu bashi, babu wasiyya. Malam ya san rabon sarai: matar tana da tumuni, sauran a kasa takwas, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Amma kafin a raba, sai an yi wa gidan kuɗi. A ce ainihin ƙimarsa naira miliyan 16 ce. Uwa za ta samu miliyan 2, kowace 'ya mace miliyan 1 da dubu 750. To sai babban yaya ya ce shi zai sayi gidan “don kada ya fita daga dangi”, aka kira wani da ya saba da shi ya yi wa gidan kuɗi miliyan 12. Uwa ta koma miliyan 1 da rabi. Kowace 'ya mace ta koma miliyan 1 da dubu 312 da 500, wato an zaftare mata sama da dubu 400. Lissafin malam daidai yake, babu wanda ya taɓa shi. An yi cutar ne tun kafin a zo gabansa, a wajen sa farashi. Wa ke cutuwa a irin wannan? Zawarawa da marayu da 'yan mata, waɗanda kunya ba za ta bar su su ɗaga murya a gaban yayyensu ba. Da a gidan akwai 'ya ɗaya da ta karanci ƙiyasin kadara, da maganar ta sauya tun a zaure.

Kuma ƙiyasin ba duba ba ne, hanyoyi ne da ake koya. Ɗaya ita ce kwatanta gidan da makamantansa da aka sayar kwanan nan a wannan unguwa. Wata ita ce duba abin da yake kawowa. A ce gidan haya ne mai ɗaki takwas, kowane ɗaki dubu 80 a shekara, jimilla dubu 640. Ka cire gyara da yashe masai da ɗakin da zai zauna babu kowa, a ce saura dubu 500. Idan mai zuba kuɗi yana son ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara, gidan a wurinsa miliyan 5 ne. Amma idan fili fetal a wannan layin ana sayar da shi miliyan 8 saboda titi ya biyo ta nan, to darajar tana ƙasa ne, ba a ginin ba, kuma ƙila shaguna ne suka fi dacewa da wurin. Wanda ya iya wannan lissafin, ba a yi masa wayo da “wallahi haka kasuwa take”.

Ga kuma maganar diyya. An ƙaddamar da aikin bututun gas na AKK daga Ajaokuta zuwa Kano a 2020, da layin dogo na Kaduna zuwa Kano a 2021, ga aikin babban titin Abuja zuwa Kano. Duk sun bi ta jihar nan, kuma irin waɗannan ayyuka ta gonakin mutane suke bi. Idan an zo ƙirga mangwaro da ɗorawa da rijiya da ɗakin ƙasa, gwamnati da kamfani suna zuwa da masu ƙiyasinsu. Manomi ma yana da damar ɗaukar nasa ya tsaya masa. Tambayar ita ce, ina namu? Wanda zai zauna da dattijo a kan tabarma ya yi masa bayani da Hausa, ya san cewa ɗorawar nan daddawa ce ta shekara da shekaru, ba itacen wuta ba?

Nan zan tsaya in faɗi ɗaya ɓangaren, don kada wani ya cike fom saboda zaƙin rubutu. Masu cewa dillali yana samun kuɗi ba tare da digiri ba, gaskiya suka faɗa. Har gobe mafi yawan cinikin fili a Zariya ba ya bi ta hannun mai lasisi, kuma mutanenmu sun fi yarda su ba da la'ada mai kauri a kan su biya kuɗin shawara. Manyan ofisoshin wannan sana'a sun fi yawa a Legas da Abuja, sai Kaduna da Kano. Digirin kaɗai ba ya ba ka hatimi: bayan bautar ƙasa sai ka yi aiki ƙarƙashin wani mai rajista, ka rubuta jarrabawar ƙungiya, kuma albashin farko ba abin ɗorawa a status ba ne. Akwai lissafi a ciki, akwai haddar dokoki, akwai yawo cikin rana da tef a hannu. Wanda ke neman kwas ɗin da zai huta, ya nemi wani.

Sai dai ina ganin abin da ake ɗauka rauni shi ne damar. Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADGIS da dokar 2015, ta mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta, kuma duk wanda zai yi sabuwar takarda ko ya sabunta tsohuwa ta nan zai bi. A matakin ƙasa, tun 2009 marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, saboda ɗan ƙaramin kaso ne na filayen Najeriya ke da rajista. Masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Peru, Hernando de Soto, ya kira irin wannan dukiya matacciyar dukiya: gida ne naka, amma ba za ka iya kai shi banki ka karɓi jari ba, don babu takardar da banki ya yarda da ita. Gidajen Muciya nawa ne ke cikin wannan hali? Duk gidan da ba shi da takarda aiki ne da ke jiran mai yin sa. Ga bankuna masu buƙatar ƙimar jingina, ga kamfanonin inshora, ga hukumar haraji, ga kotunan da ke rabon gado, ga masu gidajen hayar ɗalibai a Samaru da Zango da Palladan waɗanda suke zaune a wani gari suna neman amintaccen mai kula musu. Aikin yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ya haɗa ilimi da amana da harshen mutanen.

A 2024 da yawanmu mun kwana muna dannan waya a kan Hamster Kombat muna jiran ranar fashewa. Ban ga laifin neman na kai ba. Amma abin mamaki ne a ce matashi ya iya bayanin walat da lambobin sirrinsa goma sha biyu, bai san ko gidan da yake kwana a ciki sunan wa ke jikin takardarsa ba. Wanda ya iya bin taswira a waya ya iya koyon karanta lambobin safiyo. Wanda ya iya haɗa bidiyo a TikTok ya iya yin bayanin sashe na 22 da Hausa cikin minti ɗaya, kuma na rantse zai fi wani rawar amfani.

'Yan mata, ku ma da ku nake, har ma kun fi shiga ciki. Akwai matan aure da zawarawa masu gida ko fili na gado da ba za su iya zama da baƙon namiji su baje masa sirrin dukiyarsu ba, dole sai ta hannun wani ɗan uwa, kuma a nan ake yi musu sakiyar da ba ruwa. Mace mai lasisin ƙiyasi za ta shiga har ɗaki. Wannan kasuwa ce da babu mai gasa da ku a cikinta.

Ga ƙanena da ke aji shida na sakandare: a JAMB ana neman Turanci da lissafi da tattalin arziki da wani darasi ɗaya, amma kowace makaranta tana da nata ƙarin sharaɗi, don haka ka buɗe littafin JAMB na shekararka ka duba da kanka, kada ka bar wa mai shagon intanet ya zaɓa maka rayuwa. Ka tabbatar kwas ɗin yana da amincewar NUC ko NBTE a makarantar da ka zaɓa. Idan jami'a ba ta samu ba, difloma hanya ce, ana tafiya da ita har a kai ga rajista. Ga wanda kuma aka riga aka ba shi kwas ɗin yana jin kamar an ci mutuncinsa: kafin ka nemi canji, ka je ofishin wani mai wannan sana'a ka roƙi ya bar ka ka bi shi aiki na sati ɗaya. Bayan nan ka yanke hukunci.

Ga sauranmu da karatu ya riga ya yi nisa a wani fanni, akwai aikin da ba ya buƙatar digiri. Yau da daddare ka samu baba ko mama cikin ladabi ka tambaya: ina takardar gidan nan? Sunan wa ke jiki? Ta mai unguwa ce, ta ƙaramar hukuma ce, ko ta gwamna? An taɓa kai ta KADGIS? Ka ɗauki hotonta ka adana. Idan ana shirin sayen fili a gidanku, ka dage a je a bincika matsayinsa a hukuma kafin a biya ko sisi, ko da dillali zai ce akwai wani mai saye yana jira. Kullum akwai wani mai saye yana jira.

Likita muna buƙata, lauya muna buƙata, injiniya muna buƙata. Amma unguwar da dukiyarta ƙasa ce, kuma babu ɗanta ko ɗaya da ya karanci ƙasa, ta bar ƙofarta a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mana abin da iyayenmu suka sha wahala suka tara.